Motar Da Umma Ta Ƙi Shiga

Ƙarar ƙarfe yana gurzar katanga ce ta fito da ni daga kicin a guje, ludayin miya a hannu. Sai da na kai zaure na tuna ba ɗankwali a kaina, na juyo na fizgi hijabin Umma daga kan igiya na zura, ban ma lura a baibai na sa shi ba.

"Tsaya! Kai Muktari, tsaya haka nan, za ka rusa wa bawan Allah gida!"

Muryar Baba ce, yana tsaye a bakin zaure ya dogara da sandarsa. Na leƙa ta bayansa, ban san lokacin da na ce innalillahi ba. Wata ƙatuwar jif baƙa ce ta cushe lungunmu, ba gaba ba baya. Madubinta na dama ya kafe a katangar maƙwabcinmu Malam Kalilu, ya ɓantare masa siminti har jar ƙasa ta bayyana. Yaya Muktar ne a sitiyari, gumi ya jiƙe masa wuyan shadda. A gefensa abokinsa Alhaji Jafaru, mai motar. A baya kuwa Ummata ce a zaune kamar an saka ta a akwati, don ko ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa, bango ya tokare hagu da dama.

Umma ta sauke gilashi. "Jafaru, kai da idonka ka ga lungun nan ka ce za ta shiga? To ga shi nan. Azahar ta kawo kai, ko a nan zan yi alwala?"

"Hajiya, motar ba ta da laifi, lungun ne ya yi mata kaɗan."

"To sai ka sayo mana lungu."

Malam Kalilu ya fito yana gyara tabaransa. Tsoho ne, tun kafin a haife ni yake limancin masallacin unguwarmu. Ya dubi katangarsa, ya dubi motar, ya ce, "Sannunku. Allah ya tsare gaba."

Alhaji Jafaru ya leƙo da kai. "Tsoho, kar ka tara mana jama'a. Wannan ruɓaɓɓen ginin naka ne ya kwashe min fenti. Ka matsa can."

Malam ya matsa ɗin. Umma ta ɗaga gilashinta a hankali. Sai da mutanen majalisar bakin titi suka taso, wannan ya ba da hannu, wancan ya tura, kafin aka ja ta baya. Ko da aka kai titi ma Umma ta kasa sauka saboda tsayin motar, ga zani, sai da na kai mata kujera 'yar tsugunno ta taka.

Mai karatu, bari in gaya miki yadda aka yi muka zo nan, don kar ki ɗauka rigimar mota ce kawai ta hana ni sukuni.

Sunana Juwairiyya, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Daura. Babana Alhaji Isyaku ya gama rayuwarsa a fataucin shanu, daga kasuwar Mai'aduwa zuwa ta Mashi, a cikin wata tsohuwar a-kori-kura. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, likita ya ɗora masa zuwa asibitin Katsina a kai a kai, ya sayar da ita ya ce motar iyali yake so. Wadda za ta ɗauke shi da Umma da ƙanwarsa Gwaggo Haulatu da ke zaune tare da mu, a zuba jikoki idan sun zo hutu. Kuma ni ce zan riƙa ja, tunda Yaya Muktar yana can da shagonsa da iyalinsa.

Na yi makonni ina bin bidiyon motoci a waya, har Umma ta ce idona zai mutu. A ƙarshe na tsaya a kan wata 'yar Jamus. Ba babba ba ce, amma cikinta akwai fili, ƙasanta a kusa yadda mai ciwon ƙafa zai zura jiki ba tare da an ɗaga shi ba, ga wasu kujeru biyu da ke naɗe a but, a ɗago su idan mutane sun yi yawa. Na tura wa Hafizu hoton na ce ya nemo min irinta.

Hafizu. Hmm. Ɗan Mashi ne, yana sayar da motoci na hannu a hanyar Katsina. Ya daɗe yana zuwa zance wurina, har Umma ta saba da shi. Idan ya yi sallama takan amsa daga tsakar gida, "Hafizu ne? Ya mutanen Mashi?" har ta aika masa da fura. Amma maganar a turo magabata, Baba ya ce sai abin da uwata ta ce, ita kuma ta yi gum.

Shi kuwa Yaya Muktar abokinsa yake yi wa kamfen. Alhaji Jafaru yana da gidan mai, yana da filin motoci, ya kuma aiko ta bakin Yaya cewa yana ciki. Ba wanda ya ce dole, kar in yi wa gidanmu sharri. Amma kullum sai an yi min wa'azin "ki duba gaba". Da maganar mota ta taso, sai kowa ya fake da ita. A guruf ɗin gidanmu na waya Yaya ya sa hoton jif ya rubuta:

"Wannan ce motar mutunci. Duk inda Baba ya sauka a cikinta an san waye ya zo. Ba kwalin ashana ba."

Na mayar masa: "Yaya, sai ya iya hawa sannan zai sauka ai."

"Ke dai faɗi gaskiya, mai kwalin kike so."

Ranar da Baba ya gaji da mu ya yanke hukunci a kan tabarmarsa. "Kowa ya kawo tasa. Wadda uwarku ta shiga ta ce ta yi mata, ita za a saya." Ya ɗan kalle ni ta gefen ido, ya ƙara da cewa, "Kuma daga nan a rufe min duk wata magana." Kowa a gidan ya gane wace magana yake nufi.

To kin ji. Da safe jif ta yi nata, saura tamu.

Bayan azahar na kasa cin abinci. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Wayata ta yi ƙara, Hafizu ne.

"Ranki ya daɗe, na ji labari. An ce jif ta yi sallama da katanga."

"Kar ka yi dariya. Umma ta shige ta, har bakin rijiyar Kusugu aka zaga da ita. Kai dai ka wanke taka."

"Tun safe nake wanki, har ta fara ramewa. Wace riga zan sa?"

"Ruwan ƙasar nan. Kuma don Allah ban da turaren nan mai hawa kai."

"An gama. Ki yi addu'a, ni gwiwata ta fi ta Baba rawa."

Na yi wanka, na ɗauko atamfata mai ganye-ganye, na cire, na sa doguwar riga ruwan toka, na ga kamar na yi shigar zuwa gaisuwar mutuwa, na koma atamfar. Gwaggo Haulatu tana zaune a gindin darbejiya tana ɓantarar goro, tana bi na da ido.

"Wai ke za a saya ko motar?"

"Kai Gwaggo!"

"A'a, tambaya na yi. Na ga an fi goge ki."

Ana idar da la'asar na ji hon, siriri, mai ladabi. Na fita. Motar ruwan zuma ce, tana sheƙi. Hafizu ya danna wani abu, madubai suka naɗe kansu, ta sulalo cikin lungun nan ba ta taɓa ko'ina ba, ta tsaya daidai bakin zaurenmu. Wallahi sai da na ji kamar in yi guɗa.

Ya fito ya durƙusa ya gaida Baba. Ya buɗe masa gaba, ya ja kujerar baya. Baba ya juya, ya zauna, ya ɗauke ƙafafunsa ya shigar, ba wanda ya riƙe shi. Ya shafa fatar kujerar, ya miƙe gwiwa, ya ce, "Uhm." A wurin Babana wannan uhm ɗin yabo ne babba.

Yaya Muktar ya zagaya ta yana taɓe baki. Alhaji Jafaru bai dawo ba, wai ya kai tasa wurin mai fenti.

"Ina kujera bakwai ɗin da ake ta faɗa?" in ji Yaya.

Hafizu ya buɗe but, ya ja wata igiya, kujeru biyu suka miƙe.

Yaya ya tuntsire da dariya. "Waɗannan? Ai na 'yan tsana ne. Wa zai zauna a nan?"

"'Ya'yanka," in ji Gwaggo. "Ko su ma sun yi tumbi irin naka?"

Yaya bai kula ta ba. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motar. "Malam, duba nan. Cikinta a ƙasa yake. Gonar Baba tana bayan Dutsi, ga damina. Wannan za ta ratsa yashin can? Sannan in ta lalace, wane bakanike ne a garin nan zai taɓa ta? Komai nata na'ura."

Na san nan bai yi ƙarya ba. Na ƙura wa Hafizu ido ina roƙonsa a zuci ya kare mu.

"Gaskiya ne, Yaya," ya ce. "In ruwa ya yi yawa ba za ta shiga gona ba, sai a tsaya a bakin titi. Kayanta kuma akwai tsada, wani gyaran sai an kai Kano. Ba zan ɓoye ba. Motar kwalta ce, ta asibiti da biki da ziyara."

Na ji kamar in shaƙe shi. Wai wane irin dillali ne wannan?

Baba ya ce, "Gona dai yanzu sai dai a ba ni labarinta. Juwairiyya, kira uwarki."

Na shiga na same ta ta riga ta shirya, ta yafa babban mayafinta ruwan hoda, har da jaka. Zuciyata ta yi sanyi. Na biyo bayanta muka ratsa tsakar gida, muka shiga zaure. Hafizu yana tsaye ya riƙe mata ƙofar baya a buɗe. Yana hango ta ya zube ƙasa.

"Barka da yamma, Umma."

Umma ta ja ta tsaya cak. Ta janyo mayafi ta rufe fuskarta, ta juya, ta koma cikin gida da sauri har tana tuntuɓe da dokin ƙofa. Ba ta amsa ba. Ko kallon motar ba ta yi ba.

Hafizu yana nan a durƙushe, hannunsa ɗaya a kan ƙofa, ya rasa ko ya tashi ko ya zauna.

Yaya Muktar ya karkaɗe hannu. "To, alhamdulillahi. Magana ta ƙare. Ta shiga waccan, wannan ko taɓa ta ba ta yi ba. Malam, Allah ya kawo kasuwa."

Baba kuwa yana ta wasa da maɓallin gilashi, ya ɗaga ya sauke.

Ban san yadda na kai ɗakin Umma ba. Na same ta a bakin gado, ta ɗauko faifai tana tsintar shinkafar da na riga na tsince tun safe.

"Umma, me ya yi miki?"

Ta ci gaba da tsintarta.

"Umma, gaishe ki fa ya yi. A gaban Yaya, a gaban Baba. Ko motar ce ba ki so, ai sai ki amsa masa. Jiya-jiya kika aika masa da fura!"

"Tashi ki ba ni wuri."

"Wancan da ya ci mutuncin Malam a gabanki kin zauna a motarsa, kuna ta hira. Shi wannan da bai taɓa..." Kuka ya ƙwace min. "In ba kya so ki faɗa min kawai, in san inda dare ya yi min."

"Ji min marar kunya. Ni kike titsiyewa?"

Dariya muka ji daga bakin ƙofa. Gwaggo Haulatu ce ta dafa bango, tana dariya har da tari, jan goro duk a leɓe.

"Wayyo ni 'yan zamani! Kun iya latsa waya, ba ku iya karanta uwarku ba. Ke don Allah share hawayen nan, kin ɓata hodar banza."

"Gwaggo, ba ki ga abin da ta yi ba?"

"Na gani sarai. Ke tunda kike, kin taɓa jin ta kama sunan yayanki?"

"A'a. Ɗan fari ne ai."

"To Jafaru fa?"

"Ɗazu ma ta kira shi."

"Saboda ba kowanta ba ne, abokin ɗanta ne, ko a tirela za ta zauna da shi ta yi masa faɗa. Amma wace mace ce mai kunya za ta shiga ɗan ƙaramin wuri irin wannan, a rufe gilashi, surukinta a gaba yana hango ta a madubi? A garin nan? So kike a yi da ita a gidan biki?"

Na daina kukan. Na juya na kalli Umma. Ta sunkuyar da kai cikin faifai, tana ta ture shinkafa da yatsa.

"Umma... da gaske?"

"Haulatu, kin cika surutu," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Tun da ta sauko daga waccan akwalar ta shige wurin Yaya Alhaji suka rufe ƙofa," in ji Gwaggo. "Ina jin su ta taga. Cewa ta yi wanda bai ga girman limamin unguwa ba, ba zai ga na uban matarsa ba ranar da ƙafa ta ƙare gaba ɗaya. Ita dai ta shirya ne a kan ke za ki ja motar, sai ta fita ta yi kiciɓis da mutum a durƙushe."

Na faɗa jikin Umma na ƙanƙame ta, faifan ya kife, shinkafa ta watse a leda.

"Sake ni, ja'ira! Kin ga abin da kika yi?" Ta gyara mayafi, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Je ki ce wa yaron nan ya ba ki makullin. Ya koma bakin titi ya jira."

Yaron nan. Mai karatu, ban taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba.

Na fita da gudu, sai a zaure na tuna na rage sauri. Hafizu ya riga ya rufe but, fuskarsa ta yi wani iri, yana shirin yi wa Baba sallama. Na miƙa hannu.

"Kawo makulli. Umma ta ce yaron nan ya koma bakin titi."

Ya yi sororo. Sai na ga maganar ta isa inda za ta isa. Ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya ajiye min makullin a kan motar, ya juya ya nufi titi yana haɗa hanya kamar wanda ya sha rana.

"Wai me ke faruwa ne?" in ji Yaya Muktar.

Baba ya ce, "Kai dai matsa wa uwarka ta wuce."

Umma ta fito, ta leƙa hagu da dama ta tabbatar ba ya nan, sannan ta zauna a baya salin-alin, ko zaninta bai motsa ba. Gwaggo ta shige gefenta tana cewa a ƙaro mata sanyin. Na yi bisimilla na tayar. Allon gaba yana nuna min bayana tas, na fito da ita daga lungun ba tare da na taɓa ko ƙofar Malam Kalilu ba. Da muka zo wuce Hafizu a bakin titi, Umma ta zame ƙasa a kujera ta ja mayafi, Gwaggo kuwa ta sauke gilashi ta ƙwala masa, "Angon mota, a sayo goro!"

Muka miƙa hanyar Kano kaɗan, muka juyo ta kasuwa. Ba ka jin komai a ciki sai numfashin esi. Baba har ya fara gyangyaɗi. Ina satar kallon Umma a madubi, tana shafa kujera da bayan hannu.

"Hajiya, ya kika gani?" in ji Baba da muka kusa gida.

"Ba laifi." Ta sake shafa kujerar. "Ta yi."

A bakin titi na tsaya, daidai shiga lungunmu, don Baba ya ce zai yi magana da Hafizu. Umma ta sauka ta ɗaya gefen ta shige gida. Na kashe mota, na kulle, na riƙe makullin a ƙirji. Ina jin Baba yana cewa, "Ka gaya wa manyanka, Juma'a mai zuwa ina gida." Yaya Muktar yana gefe ya haɗe rai yana danna waya. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai ga wata napep ta tsaya a bayan motar. Wata mata ta sauko, doguwa, ba yarinya ba, cikin farin hijabi har ƙasa, ba kwalli ba jan baki, silifas ɗinta duk ƙura. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta tsaya tana kallon motar, ta kai hannu ta shafa wani ɗan tabo a jikin fitilar baya, kamar wadda ta san inda yake.

Na juya wurin Hafizu in tambaye shi ko ya san ta. Fuskarsa ta gaya min tun kafin in buɗe baki.

Matar ta zura hannu cikin hijabi ta fito da makulli, irin wanda ke hannuna sak. Ta danna. Motar da na kulle yanzun nan ta yi ƙyafta da fitilu, madubanta suka buɗe.

"Auta," ta ce, idonta a kan Hafizu, muryarta ba ta ko rawa. "Ko takaba ban fita ba. Ba a raba gado ba, alƙali bai zauna ba. Motar marayun yayanka ka ɗauko ka kawo neman aure?"

Sannan ta juyo ta dubi Baba, ta dubi makullin da ke hannuna.

"Wanne ne maigidan a cikinku? Da shi na zo magana."